Kaset ɗin da Kawu Bai Nuna Mini Ba

Daga Allah muka zo, kuma ɗaya bayan ɗaya yake karɓar abinsa. Ranar Talata da hantsi ya karɓi Kawu, yayan mahaifiyata, mai gyaran rediyo na lungunmu a nan Nima, cikin birnin Accra. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo, an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera benci da kujerun roba har bakin kwata.

Na zauna zaman makoki da yawa a Zango, unguwanninmu na mutanen arewa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum zai zo ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, a shafa fatiha, sai ka ga idonsa ya zame daga fuskokinmu ya tafi kan ƙofar shagon Kawu, wata tsohuwar ƙofar katako mai shuɗin fenti da ke manne da zauren gidan. Wani tsohon direba daga Mamobi aka ba shi kujera, da ya lura zai ba ƙofar baya sai ya ɗaga kujerar ya juya ta. Mai kokon bakin masallaci, wata tsohuwa Badagomba, ta gama kukanta ta share ido da gefen mayafi, sannan ta matso ta tambaye ni a hankali:

"To yanzu wa zai riƙe su?"

"Su wa, Mma?"

Haɓa kawai ta ɗaga wajen shagon. Can kuma wani dattijo da ya hawo turoturo, motar haya, tun daga unguwar Malam, bayan ya yi addu'a ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce da irin tasa Hausar, "Uwana yana ciki. Ya daɗe da mutuwa paa, amma yana ciki. Ku yi hankali da shi."

Na ce masa to. Ban gaya masa ni ma tawa uwar tana ciki ba. Ta rasu a wani ƙauye bayan Bawku ban cika shekara biyu ba, mahaifina kuwa ya riga ta. Motar albasa ce ta kawo ni Nima a cinyar wata mata da har yau ban san ko wace ce ba. Babu hoto, babu ko ɗankwalinta. Abin da ya rage nata a duniya muryarta ce a kaset guda ɗaya, cikin buhu uku da kanta biyu na kaset-kaset da ke shagon nan, kuma babu ɗaya mai rubutu a jiki. Kawu kaɗai ya san wanne ne. Ni kuwa ko a gabana ta yi magana ba zan gane ta ba.

'Yan yanzu sai an yi musu bayani. Kafin waya ta shigo, masu gadi da 'yan dako da matan da ke ɗaukar kaya a kasuwa in suna son aika saƙo gida, wasiƙa wahala ce: nan a nemi mai rubutawa, can a nemi mai karantawa, asirinka ya bi ta bakin mutum biyu. Sai su zo wurin Kawu. Ya sa kaset a rikoda, mutum ya yi maganarsa a gefe ɗaya, a naɗe a tsumma a ba direban motar arewa. Bayan wata ɗaya ko uku kaset ɗin ya dawo, an cika ɗaya gefen da amsa. A shagon ake saurara, a shagon kuma ake barinsa, domin mai kwana a baranda ko ɗakin mutum takwas ba shi da inda zai ajiye irin wannan.

Kawu yana da dokokinsa. Ba ya ɗaukar muryar wanda bai wanke fuska ba. "Uwarka za ka gaisar," in ji shi, "ba ɗan kamasho ba." In yarinya ta fara magana kuka ya ƙwace mata, sai ya tsayar da rikoda ya mayar da zaren baya, ya fita ya ba ta wuri ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ya dawo ya ce a sake, kada tsohuwa ta ji ta kasa cin abinci. In kuwa direba ya kawo kaset yana sunkuyar da kai, Kawu ba zai kunna wa mai shi ba sai ya aika an sayo masa wake da shinkafa ya ci ya ƙoshi. Mutanen lungu sun gane wannan, har ta kai in Kawu ya ce maka "zo ka ci abinci", ka san labarin mutuwa ne ya zo maka.

Abin da ya fi sa ake shakkar shagon shi ne karya kunne. A saman kowane kaset akwai wasu 'yan kunnuwa biyu na roba, in aka karya su rikoda ba za ta ƙara yarda a ɗauki wata magana a kai ba. Duk ranar da aka ce wane ya rasu a arewa, Kawu zai miƙa hannu cikin ɗaruruwan nan ba tare da lalube ba, ya zaro kaset ɗin da muryar mamacin take, ya sa bakin sukudireba, ƙas, ƙas, ya yi masa addu'a ya mayar. Wata rana wani mai gadi da ke aiki a unguwar Kanda ya leƙo gaisuwa, ya tarar ana karya kunnen kaset ɗin mahaifinsa. Ya ce, "Baba, lafiya?" Kawu ya ce hannunsa ne ya zame. Kwana biyu tsakani direba ya iso da labarin. Daga nan mata suka daina bi ta gaban shagon da goyo. Na taɓa tambayarsa gaskiyar maganar, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Injiniya, kunne ya girmi kaka. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana sauraron numfashin mutane ya san numfashin wanda ya kusa."

Injiniya yake kirana, ba don girmamawa ba. Tun da na kafa teburin sayar da wayoyi da gyaransu a bakin titin Accra New Town ya laƙaba mini, kuma tun daga lokacin muka buɗe musun da muka shekara fiye da goma muna yi. Bayan la'asar nakan biyo ta shagon, tsofaffi na zaune a benci, da sun hango ni sai su gyara zama.

"Wannan abin naku ba shi da kunya," in ji Kawu. "Jiya na ga wani yana cin tuwo, miya har gwiwar hannu, yana aika gaisuwar mutuwa Kumasi."

"Amma ta isa kafin ya haɗiye, Kawu. Taka kuwa sai mamacin ya yi arba'in."

"Gaisuwar da ta isa kafin a haɗiye loma, gaisuwa ce ko gyatsa?"

Yana da wani rediyo mai rigar fata, ya ɗaura masa waya ta bi ta taga har kan kwano. In zai kamo tashar Hausa ta ƙasar waje sai ya manna kunne yana murɗawa kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya, murya na zuwa tana tafiya cikin shuu da ƙiii. Ya ce, "Ka ji? Daga bayan teku yake, ya gaji, shi ya sa yake haki." Na ciro wayata na kamo masa tashar nan ɗin, tar, babu ko ƙura. Ya saurara har mai labarai ya kai aya, sannan ya miƙo mini da yatsa biyu.

"Ƙarya ne. Mutumin da ke nesa haka ba zai yi magana kamar yana cikin rigarka ba. Wanda yake kusa da kai haka kuma ba ka ganinsa, a garinmu aljani muke ce masa."

Lokacin da aka yi ta ɗauke wuta kwana da kwanaki, bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya saɓa rediyonsa mai batir a kafaɗa ya tako tun daga Nima har teburina, ya ƙure murya, ya leƙa wayoyin da suka mutu a jere ya ce, "Injiniya, yaya masu jiki?" Ni ma ina da ranata. In rikodarsa ta tauna zare, ya zauna yana jan hanjin kaset yana naɗewa da biro, sai in tsaya a kansa in ce, "Kawu, a kira ungozoma ne?" Tsofaffin benci su yi ta dariya har da tari. Wallahi na ji daɗin shekarun nan, kuma na san shi ma ya ji.

Shekara uku da suka wuce ne wasan ya canja. Ranar na zaƙe. Na ce masa duk abin da ke cikin buhunan nan tarkace ne, babu abin da kaset yake da shi wanda waya ba ta da shi. Ya ajiye sukudireba.

"Wayarka tana da muryar uwarka?"

A gidansa na girma, shi ya yi mini kaciya, shi ya yi mini aure, bai taɓa gaya mini akwai wannan kaset ba. Na ga fuskarsa ta sauya kamar shi ma bai shirya faɗa ba. Da bakina ya buɗe na ce ya ba ni in kwafe ta a waya, iskar teku tana cin kaset, jikokinta ma su ji. Ya ce har abada. "Ba za ka shiga bayan gida da ƙanwata a aljihu ba." Na yi ta naci mako guda, a ƙarshe ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, da alwala, in bar shaiɗaniyar, wato wayata, a gida.

Na zo da alwala. Shaiɗaniyar kuwa tana cikin aljihun wandon ciki, na riga na danna mata ɗauka. Ya kulle ƙofa, ya juya ya fuskanci kanta, ya ɗaga hannu. Ya daɗe a haka, hannu a sama, ina jin numfashinsa. Sai wayar ta ɗauki kiɗa. Wani ne da ya ba ni gyara yake neman abinsa. Kawu ya sauke hannunsa a hankali, ko juyowa bai yi ba.

"Injiniya, amsa. Ana kiranka."

Wata biyu bai yi mini magana ba sai amsa sallama. Da muka shirya, ya ƙara sharaɗi: sai na tsaya gaban mutanen benci na faɗa da bakina cewa kaset ya fi waya. Magana ɗaya tak. Amma taurin kai a gidanmu gado ne, kuma ta wajen uwa na gaje shi. Na riƙa cewa a raina tsohon zai sauko, shi ma ina jin haka yake cewa. Muka koma musunmu da dariyarmu kamar ba komai, abin yana nan tsakaninmu ba mai taɓawa. Ya kuma sauya wa kaset-kaset ɗin zama, don ya san na ga inda hannunsa ya nufa.

Zazzaɓin da ya tafi da shi kwana huɗu ya yi. Ranar Litinin na je duba shi, yana kwance ya rame, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ka zo da ita?" Na ce tana aljihu. Ya ce, "To koma." Muka yi dariya ni da shi. Na fito ina cewa gobe zan bar ta a gida, in faɗi abin da yake so ya ji, me zai rage ni. Gobe ta Allah ce, kuma Allah ya yi abinsa da ita. Da na sani ƙeya ce, tawa kuwa har yanzu nauyi take yi mini.

Bayan sadakar uku liman ya tara mu ya ce kaset-kaset ɗin nan amana ce, ba gado ba, a mayar wa kowa nasa. Babu hanyar ganewa sai a kunna. Aikin ya faɗo kaina, ni Injiniya. Na fito da rikodar bakin ƙofa, na sa aka yi shela a masallatan Nima da Mamobi, kullum daga hantsi zuwa la'asar ina sa kaset ina cirewa. A raina na ƙudura cewa duk wanda aka gane za a ɗauke, a cikin waɗanda suka rage ba mai su zan sami uwata.

Abin da ban shirya masa ba shi ne farkon kowane kaset. Da na danna, sai a ji ƙarar maɓalli, sannan muryar Kawu, kusa sosai, ya ce: "Bismillah, yi magana." Mutumin da muka zuba wa ƙasa da hannunmu. Kaset na farko da na kunna, wani tsoho a benci bai san lokacin da ya ce "Na'am, Malam" ba. Sau ɗari na ji wannan umarni a kwanakin nan, wani lokaci da muryar saurayi, wani lokaci da ta mai furfura, kuma ko sau ɗaya tsigar jikina ba ta fasa tashi ba. Bayansa sai matattu su biyo, da Hausa da Dagbanci da Mosanci da harsunan da ban sani ba, suna tambayar lafiyar yara, suna cewa ruwa ya yi gyara bana, suna cewa a dawo gida da salla. Kusan duka kunnuwansu a karye suke.

Rana ta biyu batir ya yi sanyi ban lura ba, muryar wata tsohuwa ta ja ta yi kauri ta koma ta ƙaton namiji, mata suka watse har da barin takalma. Na tuna da Kawu ya ga wannan da ya ce laifin batirin zamani ne, na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta ƙare da hawaye.

Mutane suka yi ta karɓar nasu. Mai koko ta ji mijinta yana saurayi yana yi wa surukarsa ƙaryar cewa ya sayi keke, ta dafe ƙirji ta ce, "Ei, wannan mutum! Ko keke kuraa bai taɓa saya ba." Dattijon Malam ya ji uwarsa, ya tashi tsaye ya cire hula, bai zauna ba sai da gefen ya ƙare. Ni kuwa duk lokacin da muryar mace ta fito da Hausa, sai in riƙe numfashi ina kallon bakunan mutane, ina roƙon kada kowa ya ce tasa ce. In wani ya ce, in miƙa masa, amma zuciyata na tambaya: in ya yi kuskure fa? In uwata ce ya sa a aljihu ya tafi da ita unguwar Madina ko garin Kasuwa? Ba ni da hujjar hana kowa, tunda ban san abin da nake nema ba.

A rana ta tara, mutane sun tafi sallar azahar, na zaro wani daga ƙasan buhu na uku. Na danna, ban ji "Bismillah, yi magana" ba. Gyaran murya na ji, sannan Kawu yana matashi ya yi sallama ya ce, "Ƙanwata, yayanki ne." Ya yi mata gaisuwar mijinta, ya ce ya ji ba ta da lafiya, ya tambayi yaron, ya ambaci sunana. Na tsayar. Na je na yi alwala, na dawo na shigar da rikodar cikin shago na kulle ƙofa. Ba zan ɓoye ba, na ciro wayar na ajiye ta a bakin lasifika na danna ɗauka. Sannan na juya kaset ɗin.

Shuuu, kamar yayyafi a kan kwanon maƙwabta. Na jira. Na ƙure murya. Can ƙasan shuu ɗin akwai wani abu da ke hawa yana sauka, irin yadda kake jin ana magana a gida na uku, ka san mutum ne amma ba ka kama ko kalma ɗaya. Na sauya batir. Na goge kan rikodar da auduga. Na mayar farko na sake. Babu abin da ya ƙaru, waya kuwa tana ta ɗaukar iskar tsaf yadda take.

Sai na ji an ce, "Na'am."

Muryar mace, a cikin shagon da na kulle da hannuna. Na miƙe har na ture kujera. Ashe daga 'yar tagar da ke tsakanin shagon da ɗakin matar Kawu ne, inda take zaman takaba bayan labule.

"Ni ce, ɗana, zauna," in ji ta. "Nan ne Kawunka yake cewa na'am."

Na ce, "Inna, ina muryar?"

Ta ce duk ranar Alhamis da hantsi, in na tafi makaranta, daga baya in na tafi aiki, Kawu yakan kulle ƙofa ya kunna wannan gefen. Tun tana amarya ta tarar da shi yana yi, lokacin ma muryar ta fara dusashewa. Kowace shekara tana ƙara nisa, shi kuma ya kasa bari, har ta tafi gaba ɗaya. Bai daina kunnawa ba, don ya haddace ta, ya san inda take tsayawa ta ja numfashi, yana amsa mata.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Kunya. Ya ce shi ya cinye maka rabonka da kunnensa. Ranar da ya yi maka gorin nan bakinsa ne ya riga shi, ya shigo ɗaki ya kasa cin tuwo. Da ka faɗi abin da ya ce ka faɗa a gaban mutane, wallahi ban san inda zai sa kansa ba."

Na tambaye ta ko ta san abin da uwata take cewa. Ta ce ita ba ta taɓa jin kalmominta ba, bango ya tare. Nasa kawai take ji, kuma nasa ta riƙe. "Mayar da shi farko," in ji ta.

Na mayar, na danna. Iskar ta fara. Daga bayan labule matar Kawu ta bi ta, tana tsayawa inda yake tsayawa, har da irin jan muryarsa.

"Wa alaikumus salam. Na'am." Shuu ɗin ya hau ya sauka. "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ya daɗe yana tafiya. "A'a. Kada ki ce haka, Allah ne mai rayawa." Wani dogon shiru, har na zaci ta manta. "To. To, na ji." Sannan muryarta ta karye, ban sani ba ko tata ce ta karye ko haka shi ma tasa take yi a wurin. "Ki aiko shi. Ba zai yi maraici ba ina raye. Na ce ki aiko mini shi."

Zaren ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa. Na zauna a ƙasan shagon na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na yi masa. Ya riƙe abin da aka aiko masa har ya ga furfurarsa. Allah ya sa yanzu tana yi masa magana yana ji da kyau.